Hoton Ƙashina

Wata uku ke nan ƙafata na cikin siminti,
tun ranar da Adaidaita ta kife da mu a Ƙofar Mazugal.
Na ƙirga azarar ɗakina har na haddace,
na san ƙadangaren da ke leƙowa bayan la'asar.

Sai Ɗanlami kafinta ya aiko min da akwati,
ragowar katakon wani gado da mai shi ya fasa karɓa.
Ya ce, "Zuba ƙasa ka shuka wani abu,
zaman banza ya fi karaya karya mutum."

Na goge shi da sanfefa har ya yi santsi.
Ƙanwata Hansatu ta sayo fenti a Ƙofar Ruwa:
shuɗi mai duhun baban Ƙofar Mata,
da ɗan gwangwanin fari da ya soma daskarewa,
sai da kananzir ya lallashe shi.

Hannuna ba na zane ba ne.
Ko alif na ja, sai ya karkace.
To da me zan fitar da ganye?

Can na tuna da abin da ke ƙarƙashin katifa:
hoton ƙashina na asibitin Dala,
baƙin fim mai sanyi, ƙwauri ya rabu biyu
kamar raken da aka karya a gwiwa.
Na ɗaga shi ga rana, na daɗe ina kallo.
Sannan na ɗauki reza.

Daidai inda ya karye na huda ganye,
wani ganyen a idon sawu,
reshe ya bi ta inda likita ya nuna da biro
yana girgiza kai.

Na danne shi a jikin katako, na tsoma soso.
Ban da shafawa, in ji Ɗanlami, dangwalawa ake yi.
Na farko ya fito tas.
Na biyu fenti ya kurɗa ta ƙarƙashi,
ganye ya kumbura kamar ya sha mari.
Na so in rufe shi da shuɗi,
Hansatu ta ce, "Bar shi, shi ya fi kama da kai."

Ɗanta Sagiru, ɗan shekara huɗu,
ya zo ya dafa gefe guda da tafinsa.
Yatsu biyar farare.
Su ma na bar su.

Yanzu akwatin na gefen randa,
da takin awakin maƙwabta a ciki.
Na'a-na'a ta kama, ɗoɗɗoya na nan tana shawara.
Kullum da safe nakan dogara sanda,
buta a hannu, taku goma sha ɗaya.
Jiya tara na yi.

Fim ɗin kuwa na rataye a ƙusa.
Likita ya ce in zo da shi ranar Talata.
Ban san abin da zan ce masa ba
in ya ɗaga shi ga fitila
ya ga ganye ya tsiro a ƙashina.