Gona a Ɗakin Haya

Ranar da tumatir ya fi ƙarfin aljihuna a kasuwar Asawase,
Mame Yaa ta dubi fuskata, ta dubi tirenta,
ta ƙara mini ɗaya da ya fara ruɓewa, ta ce gyara ce.
Shi na matse a kan tsohuwar jarida,
'ya'yan suka bushe a goshin wani mai murmushi.

Tsakar gida na fara gwadawa.
Gidan haya ne, ƙofa goma sha ɗaya, akuya biyu.
Kwana tara tsiron ya yi a duniya
akuyar Hajiya Abiba ta karya kumallo da shi,
ta tsaya tana tuƙa tana kallona, ko kunya.

Sai na kwashi gonata na kai ɗaki.
Bokitin fenti, na huda gindinsa da ƙusa,
ƙasa daga bayan makaranta a Aboabo,
taki kuwa kashin akuyar nan na bi na tsince.
Ta ci nawa, ai sai ta biya.

Taga ɗaya gare mu, tana fuskantar bangon maƙwabci.
Rana kan leƙo da hantsi kamar mai bin bashi,
ta yi awa uku a tsaye, ta wuce.
Ni da bokiti muna biye da ita,
daga kan keken ɗinki zuwa kan akwati,
daga akwati zuwa dokin ƙofa.
Memuna ta ce, "Shekara goma sha huɗu,
ni ko sau ɗaya ba a ɗauke ni an kai ni rana ba."

Ya yi tsawo, siriri kamar wanda ya tashi daga jinya,
duk jikinsa ya karkata wajen taga.
In na juya shi da dare, kafin azahar ya koma.
Na ɗaure shi da ƙyallen atamfa a jikin tsohuwar muciya.
Ruwan wankin shinkafa yake sha.
In an ɗauke wuta, fanka ta yi shiru,
ƙamshin ganyensa kan cika ɗakin,
mai ɗaci-ɗaci, mai maƙalewa a yatsa har gobe.

Fure ya zo, rawaya, ya zube.
Ya sake zuwa, ya sake zubewa.
Na share su da tafin hannu, ban gaya wa kowa ba.

Baba Isaka mai gadi ne ya gano,
shi da ya yi noma a Bawku kafin gwiwa ta ƙi.
Ya leƙa, ya yi dariya har da tari:
"Ɗaki ba iska, ba zuma, wa zai motsa shi?
Kai ne zumar yanzu."

To, kullum in na dawo daga asuba
sai in durƙusa in ɗan ƙwanƙwasa reshe da farce,
a hankali, kamar mai tayar da jariri.
Ni, da furfura a gemu, ina aikin ƙwaro.

Huɗu suka kama. Ɗaya ya tsage, ɗaya ya faɗi ɗanye.
Fusaina ke ƙirga sauran kafin ta tafi makaranta,
ta dawo ta sake ƙirgawa, ko sun haihu.

Ran da na farko ya yi ja, wata Laraba ce, ana ruwa,
kwano na ta kiɗa a kanmu.
Bai kai ƙwan kaza ba.
Miya ba ta san da shi ba, ba za ta taɓa sani ba.
Memuna ta yanka shi biyar a kan murfin tukunya,
ta barbaɗa gishiri, ta aika wa Baba Isaka nasa.
Muka ci a tsaye, ba mai magana.

Na biyun yana nan.
Hajiya Abiba ta ce in ya nuna nata ne,
tunda da takinta aka yi.