Watannin da Babu Tsere

Tahiru ya turo hoto daga ƙasar ƙanƙara:
keke a ɗaure tsakar ɗaki,
taya tana gudu ba ta zuwa ko'ina,
taga fari fat.
Ya rubuta: "Nan hunturu ya kulle titi. Kai fa?"

Ni fa? Ina Nima.
Sanyinmu na Agusta ne, ba shi da haƙora,
yayyafi ne da iskar teku,
amma ƙarfe huɗu na dare idan ya sami ƙashi
sai ka ji katifa na kiran sunanka har da na ubanka.

Na sauko da keke daga ƙusa.
Na shafa wa kaca mai da tsohon buroshi.
Tib ɗin baya faci bakwai,
na san su ɗai-ɗai kamar 'ya'yan maƙwabta.
Memuna mai koko ko wuta ba ta hura ba.
A Madina na sami asuba,
takalmina mai ƙarfe a ƙasa, ƙwas-ƙwas,
har ladan ya waiwayo.

Mumuni na jira kan babur ɗinsa mai tari,
agogo a wuya, gwiwa ɗaya ta daina lanƙwasa
tun faɗuwar da ba ya son a tuna.
"Kada ka yi sauri," in ji shi.
"Giya mai laushi, ƙafa ta yi ta juyi.
Watan nan rijiya ake haƙa,
shan ruwa sai an buɗe gasa."

Sai Ayi Mensa, inda hanya ke miƙewa tsaye.
Kwana, kwana, wata kwanar.
Cinya ta fara ƙorafi,
huhu ya zama zugazugin maƙeri.
Yaron mota ya leƙo ta taga:
"Maigida, wa ya biyo ka?"
Ba kowa.
Faɗin taya ɗaya ne ya biyo ni,
wanda ya raba ni da na uku a bara,
na dawo gida da lamba a baya
da ruwan leda biyu.

Hawa na huɗu Zakari ya wuce ni,
shekara sha bakwai, keken aro,
yana hawa yana cin ayaba.
Jini ya ce bi shi.
Yatsa ya kai kan giya.
Mumuni bai yi magana ba, hon kawai ya danna.
Na janye yatsa.
Wannan ya fi dutsen wuya.

A Aburi gajimare ya sauko har kafaɗa.
Rigata ta manne, haƙora na kaɗawa.
Can ƙasa fitilun birni na mutuwa
unguwa bayan unguwa,
ƙarfe takwas fankoki goma na jirana a shago,
da mai firji da ya ce yau ko rigima.

Babu tuta a nan, babu mai tafi.
Mumuni ya lashi fensir,
ya rubuta a littafinsa da ruwa ya kumbura:
hawa biyar, bai yi hauka ba.

Na ɗauki hoton kwalta a jiƙe,
da tayar gaba, da ɗan yatsana da ya shiga bisa kuskure.
Na tura wa Tahiru:
"Namu a buɗe yake."

Na gwada birki sau biyu.
Na sunkuya.
Gangara ta karɓe ni.