Rakiyar Baƙo a Sheffield

Ƙarfe biyu saura na dare.
Ɗakin kwamfuta ya watse, sai ni da injin shayi
da ruwan Sheffield mai taɓa gilashi kamar mai jin nauyi.

Dokta Ackroyd ya ba mu aiki:
kwamfutoci biyar, ba ubangida, ba bara,
kowa na miƙa wa kowa abin da ke hannunsa.
Haɗa su bai ci min kwana biyu ba.
Raba su ne ya hana ni barci.

Wanda na fara rubutawa ba shi da ta ido:
da ya ƙoshi sai ya ja ƙofa, garam,
ya bar ɗan'uwansa da sauran magana a baki,
yana ta zuba saƙo a rariya har ya kife.
A gefen takarda, da jan biro:
in wancan bai gama ba fa?

Sai na tuna Goggo Tabawa a Funtuwa.
Baƙo ba ya tashi mata haka kawai.
"To, zan koma." "Tun yanzu?"
"Rana ta yi." "To, a gaida gida."
Ta yafa gyale, ta raka shi har bakin famfo,
ta dawo ta ɗan tsaya a zaure,
ko ya manta hula ya juyo.

Haka na jera, layi bayan layi:
ka ce na gama, amma ka bar kunne a buɗe.
Ka jira ya ce na ji.
Ka bar shi ya zazzage buhunsa,
shi ma ya ce ya gama, ka amsa.
Kada ka ba wani tabarmarsa tukuna.

Saura wanda ya ɓace ba sallama,
wuta ta ɗauke, ko waya ta tsinke.
Shi sai ka riƙa taɓa shi: kana nan?
Kana nan? Kana nan?
Sau uku. In shiru, ka share sunansa.

Nan hannuna ya tsaya.
Damina biyu ke nan, lambar Goggo na cikin wayata.
Ranar ƙarshe layi ne ya yanke
tana tsakiyar labarin akuyar da ta cinye mata zogale.
Na ce gobe na kira.

A gurbin lokacin jira na sa daƙiƙa talatin.
Na goge, na sa sittin.
Na danna.
Biyar ɗin suka sallami juna, ɗaya bayan ɗaya,
allo ya yi tsit.
A waje, taragon farko bai fito ba tukuna.