Hoton Kuluwa a Wad Madani

Shekara ashirin ina yasar magudanan Jazira.
Na san yadda ciyawa ke shiga ruwa ba sallama,
ta kama gaɓa, ta miƙe tana bin gangara
har ta kai ƙofar ƙarfe ta toshe.
Ban taɓa zaton zan gan ta cikin matata ba.

Da asuba muka baro Mai Wurno,
ƙafafunta a kumbure, takalmanta a hannuna.
Aka sa ta cire 'yan kunne,
aka ɗura mata wani ruwa ta jijiya,
ta ce yana da ɗumi, bakinta na ɗanɗanon ƙarfe.
Gado ya ja ta cikin bakin na'ura,
wata murya ta ce riƙe numfashi.
Ni ma a waje na riƙe nawa.

Likita Tahani ta juyo mana da allo.
Kuluwa ce, haske ya yanka ta faifai-faifai,
ba wuƙa, ba jini.
Ga mahaifa, in ji ta, ga ƙarin da kuka sani.
Sai ta ɗora bakin biro kan wani farin rafi
da wani abu toka-toka kwance a tsakiya,
kamar yaɗon duma da ya tsallake danga.
Ta bi shi. Ya wuce ƙugu. Ya wuce ƙoda.
Biro na hawa, ina ƙirga haƙarƙari.
Ya tsaya saura yatsu biyu zuciya.

Na ce, daji ne?
Ta ce a'a. Ba ya cizo, ba ya cin nama,
hanya ya samu a buɗe yake tafiya.
Baƙo ne mai ladabi,
amma tsayuwarsa a ƙofa ta isa ta shaƙe gida.

Kuluwa ta daɗe tana kallon kanta.
Shekara uku ina cewa wani abu na hawa,
kuna ce mini gajiya ce.
Ban ɗago kai ba.

An ba mu takarda zuwa ga masu fiɗa.
Na so in ce musu ba a fizga,
daga saiwa ake kamawa, a ja a hankali.
Na yi shiru, sun fi ni sani.

Wajen mai shayi a bakin asibiti
ta zaro hoton, ta ɗaga shi ga rana.
Matar ta ce, na waye?
Ta ce nawa ne.
Shi kaɗai ya yarda da maganata.