Kafireta ta Uku

Tun asuba na bar Omaha a akori-kura,
dala ɗari tara a aljihun gaba,
alli, kananzir, tocila,
da kofin da ya huce tun ban haye gada ba.

Masara dama, masara hagu,
har hanya ta gaji da kwalta ta koma tsakuwa.
Can na iske Orval Prochaska
zaune bisa taya a ƙofar rumbunsa,
shekara tamanin da ɗaya,
hannuwa sun sha baƙin mai har sabulu ya sallama.

Ya yaye tamfol.
Ga shi kwance, silinda takwas,
ƙirar Ford ce tun ba a haifi uwata ba.
Tsatsa ta yi masa jan lalle,
ɓeraye sun tara ɓawon masara a cikinsa.

Ya ce, "Me za ki yi da shi?
In ado ne a falo, ga hanya can."
Na ce ina da bodi, ba rufi, ba fenti,
wata bakwai ina walda da dare
bayan na sauko daga aikin asibiti.
So nake ta yi ruri har maƙwabta su kai ƙara.
Bai yi dariya ba, amma ya matsa mini.

Na shafa kananzir, na goge, na barbaɗa alli.
Ƙarfe ba ya ƙarya in ka san yadda ake tambayarsa.
Rami bakwai suka tsaya fari fat,
na takwas ya fito da zane siriri
kamar gashin gira.
"Sanyin sittin da biyu ne," in ji shi,
"na bar ruwa a ciki ya daskare.
Ɗinkuwa yake. Rage ɗari."
Na ce ɗari biyu. Ya dubi sama.
Muka tsaya a ɗari da hamsin
da kwalin fulogi da bai san yana da shi ba.

Sai ga abin da ya kawo ni,
rataye a ƙusa bayan ƙofa:
mazaunin kafireta mai gurbi uku.
Biyu na nan, baki buɗe kamar ’yan tsaki.
Na tsakiya wayam.

"Ina ta ukun?"
Ya nuna da haɓa, ƙetaren hanya,
wani farin gida mai injin iska.
"Tana wurin Emil. Ƙanena.
Tare muka kai motar filin gishiri na Utah,
tare muka dawo, ba tare ba.
Shekara talatin da takwas. Kada ki ce ni na aiko ki."

Na taka tsakuwar, taku ɗari da goma.
Na same ta a kan tagar kicin,
an cika mata baki da fensira.
Emil ya ce, "Ya ce a gaishe ni?"
Na ce a'a.
"To, shi ne. Bai canja ba."
Ya zazzage fensiran a tebur,
ya hura ƙura, ya gwada maƙogwaronta da yatsa.
"Ba ta sayarwa ba ce.
Amma ranar tayarwa ki kira ni.
Wancan bai taɓa iya daidaita uku ba."

Yau Asabar, ƙarshen kaka.
Garejina na warin fetur da sabon gaskit.
Tsoho ɗaya a dama, tsoho ɗaya a hagu,
inji a tsakani, ba wanda ya ce uffan.
Ni ce a kujera, makulli a hannu, ƙafa na rawa.

Emil ya miƙa hannu baya, bai waiwaya ba.
Orval ya ɗora masa sifana.

Ita ce kuwa daidai notin.