Tabon Mai a Shafi na Arba'in da Uku

Filibus ya manna takarda a jikin kabad ɗin majami'a:
littafi bakwai cikin kwana arba'in,
daga farkon azumi zuwa safiyar Tashi.
Huɗu na labari, uku na koyarwa.
Wanda ya gama ɗaya, a ja masa layi da jan biro.

Na sa sunana ƙarƙashin na Kaziya
don kada a ce mai ƙuli-ƙuli ta ji tsoro,
ni da na bar lakwal a aji huɗu,
nake bin baƙi da ɗan yatsa
kamar mai tsince tsakuwa a faifan gyaɗa.

Bazara ta sauke kayanta duka a Maradi.
An ɗauke wuta tun magariba,
kwanon ɗaki yana amayar da ranar da ya sha.
Tabarma a tsakar gida,
fitilar waya a haƙora, littafi a cinya.

Na farko labarin wani mai fito ne
da ba ya karɓar kuɗin masu zuwa gaisuwar mutuwa.
Na so shi. Da ya sayar da jirginsa na yi masa tatas
har ƙulina ya soma ƙauri a kasko.
"Inna, da wa kike faɗa?" in ji Damaris.
"Wani wawa ne, ba ki san shi ba."
Kwana shida, aka ja mini layi.

Na biyu ya wuce kamar ruwan randa.
Wata ungozoma ce. Sunanta ya ɓace mini,
addu'arta ta zauna.

Na uku siriri ne, na ce wannan na kwana biyu ne.
Ɗan hakin da ka raina.
Babu jirgi a cikinsa, babu kogi,
zancen yafiya ne tsirara.
A shafi na arba'in da uku mai littafin ya ce
in dakata, in ambaci wanda zuciyata ke bi bashi.
Ban ambata ba. Sunan ya ambaci kansa:
Barnaba, ƙanena,
da fadamar bakin Gulbi da ya sayar ban sani ba,
da mangwaro huɗun da Baba ya dasa,
waɗanda yanzu nake sayen ƴaƴansu a kasuwa.
Shekara tara.

Na rufe da hannuna mai maiƙo.
Kwana sha ɗaya littafin na kan buhu,
ina kewaye shi kamar rumfar mai bina kuɗi.
Kaziya ta kai biyar.
Kaziya ta kai shida.

Ran Jumma'ar da ake tuna gicciye
na cika kwalba da man matsar farko,
na hau kabu-kabu zuwa Ali Ɗan Sofo.
Yana zaune yana facin taya.
Ya yi furfura, ba wanda ya gaya mini.
Ban ce na yafe ba, bakina bai kai can ba.
Na ce, "Ga mai."
Ya ce, "Yaya, shigo inuwa."
Muka yi zancen tsadar gyaɗa
har inuwar ta matsa, muka matsa da ita.

Lahadi bayan sujada na kai littafi.
Filibus ya ga tabon yatsana, ya ɓata rai,
ya ɗaga shafin wajen taga don ya auna ɓarna.
Daidai inda man ya taɓa
haske yana ratsa takardar.

"Kin gama?"
"Saura shafi sittin."
Ya riƙe biron, bai ja ba, bai rufe ba.

Kaziya ta karɓi turmin atamfa, aka yi guɗa,
tawa ta fi ta kowa tsawo.
Layina biyu ne a jikin kabad.
Na ce a bar mini siririn nan zuwa damina,
ni ba mai saurin karatu ba ce.