Murfin Akwatin Mushe Nomau

Da la'asar na dawo daga Katako,
buhun kwalabe ɗaure a bayan moto:
koraye na lemo, jajaye na maganin tari,
da shuɗiya guda, ta turaren wata da ban sani ba.
Na jiƙa su a baho har takardun suka saki,
na jera su a rana kamar 'yan lakwal.

Barmu ne ke haɗa akwati,
ni ke yi masa murfi.
Shi da zarto, ni da tanderu,
shekara bakwai a rumfa ɗaya nan Bukoki,
ba mu taɓa faɗa ba
sai a kan rabin santi.

Ran Talata Tanti Dije ta shigo,
ta kwance bakin zane a kan tebur.
Finjali uku, duk a farfashe.
Ta ce, "Na Mushe ne.
Shekara talatin da su yake shan shayi.
Jika ya yi tuntuɓe da faranti.
Ki narka mini su, ɗiyata,
ina da wasiƙunsa da ba su da marufi."

Na auna da ido. Uku ba za su kai ba.
Na san kwalba da finjali ba uwarsu ɗaya ba,
wani na miƙewa a wuta fiye da wani,
amma na ce bari in gwada,
na daka koriya guda a turmin ƙarfe,
na kewaye su da ita.

Na shafe faifan da farar ƙasa,
don abin da ya narke kada ya kama gida.
Na rufe. Na murɗa.
Allura na hawa kamar tsohuwa a tudu,
ɗari uku, ɗari biyar,
sai bayan isha ta taɓa ɗari takwas.
Ta 'yar kafa na leƙa da ido ɗaya:
kaifi duk ya kwanta,
gutsure ya jingina da gutsure,
ja wur, kamar rana na faɗawa bayan gada.

Narkewa ba ita ce aikin ba.
Aikin hucewa ne.
Gilashi ba ya son a tashe shi da gaggawa,
sai a sauko da shi taki-taki har asuba,
kamar mai rarrashin wanda ya yi fushi.

Ƙarfe biyu kuran ya ɗauke.
Panka ta tsaya, karnuka suka karɓa.
Ina zaune a duhu, bayana ga bango,
na ji shi.
Ƙas.
Bai fi fasa gyaɗa ɗaya ba.

Da safe tsagar na nan, siririya,
ta bi iyaka sak, ba ta kauce ba,
inda fari ya ƙare, kore ya soma.

Na ƙirgo jikka biyunta na ajiye.
Ba ta dubi kuɗin ba.
Ta ɗaga murfin ga hasken ƙofa,
ta bi tsagar da farce tun daga sama,
sai kafaɗunta suka soma rawa.
Na zaci kuka ne.
"Shi ne wallahi," ta ce.
"Ko a biki, tabarmarsa dabam."

Ta ce in cire koren.
Na ce murfin zai koma tafin hannu.
Ta ce wasiƙa ai tana naɗuwa.

Yau kwana uku da sake gashi.
Ya fito fari tas, da kumfa biyu a gefe
da wani ɗan duhu-duhu a tsaka
wanda na rantse tabon shayi ne.
Barmu na can yana mita,
yana rage katako,
wai tun da yake bai taɓa ganin
an yanka akwati don murfi ba.